LAFIYAR IYALI: Ƙwaƙwalwa, Jijiyoyi Da Abin Da Ke Biyo Maigida Daga Kamfani

  A wannan wata za mu tattauna ne a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke yi mata aike, da kuma yadda aikin kamfani kan taɓa su, musamman ga mu da mazajenmu ke neman abinci a Sharaɗa, Challawa da Bompai, ko muke zaune a unguwannin da ke maƙwabtaka da su.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanakin baya na je suna a Panshekara. Bayan an ci an sha, sai wata baiwar Allah ta ja ni gefe, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Anti, don Allah ki ba ni shawara. Baban yaran nan ya canja mini gaba ɗaya. In na yi masa magana sai ya yi banza da ni, in na ɗaga murya ya ce na raina shi. Rediyo kuwa sai ya ƙure sauti har maƙwabta su ji. Da dare ya ce kunnensa na ƙugi, ya kasa barci, ya tashi da faɗa. A gidanmu an ce hannu aka sa mana, ni kuma ina zargin aure yake nema."

Na tambaye ta ina yake aiki. Ta ce shekararsa goma sha ɗaya a gindin inji, a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Na ce yana toshe kunne in zai shiga aiki? Sai ta dube ni da mamaki ta ce, "Toshe kunne kuma, Anti? Don me?" Hausawa sun yi gaskiya, rashin sani ya fi dare duhu. Bari mu fara daga tushe, zan dawo kan labarinta.

WACE CE ƘWAƘWALWA?

Duk wadda ta taɓa gyara kan rago da Sallah ta ga ƙwaƙwalwa: fara-fara, mai laushi, mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ta ɗan Adam haka take, sai dai ta fi girma. A jikin babba nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wato kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin abinci da iskar da muke shaƙa. A cikinta akwai ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86, sun ninka yawan mutanen duniya fiye da sau goma. In iska ta yanke mata na 'yan mintoci kaɗan, ƙwayoyin nan sai su fara mutuwa. Shi ya sa doguwar naƙuda a gida take da haɗari ga jariri.

An killace ta a cikin ƙoƙon kai, an naɗe ta da tantani uku, tana kwance cikin wani ruwa da ke kare ta daga buguwa. Waɗannan tantani su ne cutar sanƙarau ke kamawa, irin wadda ta yi mana ɓarna a nan Arewa a 1996, shi ya sa wuya ke sanƙarewa, wasu da suka tashi kuma suka rasa ji. Bayan haka akwai wata irin rariya tsakaninta da jini, wadda ke tace abin da zai shiga. Rariyar nan tana ƙoƙari ƙwarai, amma akwai gubar da ke iya ratsa ta.

Kowane sashe da aikinsa. Wajen goshi nan ne ake tunani, yanke shawara da danne fushi, kuma shi ne na ƙarshen nuna, sai mutum ya haura shekara ashirin da 'yan kai. Ki tuna da wannan duk ranar da saurayin ɗanki ya yi miki wauta. Gefen kunnuwa nan ake fassara sauti da ajiye abin da aka koya. Ƙeya ita ke da gani, ido dai taga ce kawai. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, na dama kuma yana juya na hagu, kuma a wajen yawancin mutane magana tana ɓarin hagu. Don haka ne mai shanyewar ɓarin jiki na dama sau da yawa harshensa ke karyewa.

Can ƙasan ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai kula da daidaito. Da ita kike ɗaukar tire a ka ba ya faɗuwa, da ita kike zura zare a allura, ita ce kuma yaro ke horarwa lokacin da yake tatata. Daga ƙarƙashi sai gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe da numfashi, bugun zuciya da haɗiya, ko kina barci yana bakin aiki.

LAKA DA JIJIYOYI

A Hausa abubuwa uku muke kira jijiya: wadda jini ke bi, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma wadda ke kai saƙo. Ta ukun nan muke nufi a yau. Ki ɗauke su kamar wayoyin lantarki. Babbar wayar ita ce laka, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi cikin ƙashin baya, tsawonta kimanin santimita 45. Daga jikinta jijiyoyi 31 suka fita ta dama, 31 ta hagu, suka bazu har yatsu. Wasu 12 a kowane gefe kuma kai tsaye suka fito daga ƙwaƙwalwa zuwa ido, hanci, kunne, harshe, fuska da kayan ciki.

Wasu jijiyoyin rahoto suke kaiwa sama: zafi, sanyi, ɗanɗano, ƙamshi. Wasu kuma umarni suke saukowa da shi. Kamar yadda wayar wuta ke da rigar roba, haka da yawa daga cikinsu ke da rigar kitse, wadda ke sa saƙo ya yi gudun da kan kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya. In hannunki ya taɓa tukunya mai zafi, kin janye shi tun kafin ki ji zafin, domin laka ce ta yanke hukunci nan take, daga baya labari ya isa sama. Akwai kuma waɗanda ke aiki ba da saninki ba, masu kula da narkar da abinci, gumi da faɗuwar gaba. Mai shayarwa ma shaida ce, da jin kukan jaririnta sai nono ya kawo, kunne ne ya kai rahoto, ƙwaƙwalwa ta ba da izini.

Tsakanin ƙwayar saƙo da 'yar'uwarta akwai ɗan rata, ba su manne ba. Wani sinadari ne ke tsallaka da saƙon, kuma sai da taimakon kalsiyam, sinadarin nan na ƙashi da ke cikin nono. Ki riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba. Abu na biyu da za ki riƙe: fata in ta yanke tana haɗewa, ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na laka in sun mutu, akasarinsu ba sa dawowa.

ƘWAƘWALWAR YARO

Ginin yana farawa tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba, domin cikin kwana 28 na farko ake shimfiɗa tushen ƙwaƙwalwa da laka. Ana haihuwar jariri da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na girman ƙwaƙwalwar babba, kafin ya cika shekara biyar ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Maɗigar nan da kike gani tana motsi, fili ne aka bar wa ƙwaƙwalwa ta girma, takan rufe wajen wata goma sha takwas. A waɗannan shekaru ne ake ƙulla wayoyin magana, hankali da haddar karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tun yana ɗanye kuma gara ta fi yi masa illa.

ME KE BIYO MAIGIDA GIDA?

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, tun zamanin Turawa, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo. Akwai kamfanonin jimar fata, na roba, na takalma, na tabarmi, na kayan abinci da na ƙarfe. Dubban gidaje da su suke ɗora tukunya, a Dakata, Kawaji, Ja'en, Sabuwar Gandu, Kumbotso da sauransu. Ba ina cewa kowa ya bar aikinsa ba ne, kuma ba kowane kamfani ke da duk abin da zan lissafa ba. Sanin haɗarin shi ne matakin farko na kauce masa.

Na farko, ƙarar inji. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar dodon-koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ke mayar da sauti ya zama saƙo, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda ruwa da iska ke kwantar da gero, in abin ya daɗe sai su mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Masana sun sa iyaka a ma'aunin ƙara 85 na tsawon awa takwas. A sauƙaƙe, in sai mutum ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da shi, tazarar hannu ɗaya, ya ji shi, to ƙarar ta yi yawa. Abin yana farawa da ƙugin kunne bayan an tashi aiki, sannan mutum ya riƙa jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman siririyar murya irin ta mata da yara.

Kin ga inda matsalar 'yar'uwarmu ta Panshekara take. Da ƙyar ta lallaɓa shi suka je sashen kunne a asibiti, aka gwada, aka tarar jinsa ya ragu sosai a kunnuwa biyun. Likita ya gaya musu abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare sauran. Da muka sake haɗuwa ta ce da ni, "Anti, shekara biyu ina ɗaukar alhakin bawan Allah, ashe ba ya ji na ne." Yanzu in za ta yi masa magana sai ta zo gabansa ya ga bakinta, gida ya zauna lafiya.

Na biyu, sholisho, tina da fenti. Tururinsu yana bi ta huhu ya shiga jini, kuma da yake suna narkewa cikin kitse, rariyar ƙwaƙwalwa ba ta tare su. A rana ɗaya suna sa ciwon kai, jiri da tangaɗi kamar maye. In aka shekara ana shaƙa a ɗakin da ba iska, wasu daga cikinsu kan lalata jijiya da rigarta. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ke fara faɗuwa, wato masu zuwa tafin ƙafa, don haka mutum zai ce yana jin kamar kiyashi na yawo a ƙafarsa, ko silifa ta zame bai sani ba, daga baya abin ya hau hannu. Wasu kuma mantuwa da saurin fushi suke kawowa. Ciwon suga ma yana ba da irin wannan alama a ƙafa, saboda haka likita ne zai bambance.

Na uku, iskar ramin ƙazanta. A wuraren jima da ramukan da ruwan datti ke taruwa akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa tana kashe jijiyar shanshana, mutum ya zaci warin ya tafi, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. Wanda ya shiga ceto ba shiri shi ma ya bi shi. Ki ja kunnen maigida da samarin gida, kada su shiga irin wannan rami ba kayan kariya, ko nawa za a biya su.

Na huɗu, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali, dalma. Masu gyaran batirin mota da fasa shi, masu walda, masu kankare tsohon fenti, masu narka gwangwan da 'yan jari-bola duk suna iya cuɗanya da ita. Ƙurarta ba ta da wari, tana maƙalewa a riga, hula, takalmi, gashi da ƙarƙashin farce. Maigida ya dawo a gajiye, ɗan autansa ya rugo ya rungume shi, ya zauna a tabarma, ke kuma ki haɗa kayan aikinsa da na yara ki wanke a baho ɗaya. Yaro mai rarrafe komai baki yake kaiwa, kuma hanjinsa yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba.

Ga makircin dalma: jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam. Da wannan shigar burtu take ratsa rariya, ta je ta zauna a ratar nan da saƙo ke tsallakawa, ta hargitsa ƙullin wayoyin yaro. Sauran kuma ta ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, ranar da mace ta sami ciki ta fito tare da kalsiyam ta isa ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. In kaɗan ce, yaro ba ya kwanciya ciwo, sai dai jinkirin magana, rashin natsuwa da wuyar ɗaukar karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. In ta yi yawa sai ciwon ciki, amai, jijjiga da suma.

Mun ga ƙarshen abin a Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake kawo duwatsun zinare cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ashe cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar, wasu da suka rayu suka nakasa. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A wuraren nan biyu, sana'ar manya ce ta shigo tsakar gida ta sami yara.

Sai kuma wata hanya da ke cikin adakarmu, wato kwalli. Kwallin dutse mai ƙyalli akasari dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Na san iyayenmu sun sa mana, amma yaro yana murza ido ya tsotsi hannu. A haƙura da sa wa jarirai.

RUWAN KWATA DA LAMBU

Ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya tafi dam ɗin Wasai a Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta, shi da na Challawa su ƙare a kogin Challawa. A gefen waɗannan rafuka akwai 'yan lambu masu noman latas, kabeji, alayyafo da karas da rani. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun kuromiyam na jima, da dalma da wasu ƙarafa, wani lokaci fiye da ƙima. Kuromiyam ya fi taɓa fata, huhu da ƙoda, dalma ce mai zuwa ƙwaƙwalwa. Wanke ganye yana cire ƙurar da ke bayansa da ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire abin da saiwa ta riga ta zuƙa. Haka nan tafasa ruwa ba ya fitar da dalma.

ABIN DA UWARGIDA ZA TA IYA YI

1. Ki roƙi maigida ya riƙa canja kaya a wurin aiki. In ba hali, a ware masa ƙusa da leda a zaure ko bayan ɗaki, takalmin aiki kada ya shiga ɗaki.

2. Ki tanadi ruwan wanka da sabulu kafin ya dawo. Sai ya yi wanka sannan ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a kwano. Ki faɗa masa da lafazi mai daɗi, don 'ya'yansa ne.

3. Kayan aiki a wanke su daban, a bokiti daban, kada a kakkaɓe su a tsakar gida. Mai ciki ta bar wa wani wannan wanki in da hali.

4. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a yanke musu farce.

5. Kada a fasa batir, ko narka ƙarfe, ko ƙona wayoyi a cikin gida. Jarkar da aka zubo sinadari daga kamfani kada ta zama ta ruwan sha, ko an wanke ta.

6. Cikin da ba komai ya fi zuƙar dalma. A ba yara karin kumallo, a yawaita wake, zogale, ƙwai, hanta, kifi, nono ko kindirmo, da lemo ko gwaiba. A yi girki da gishiri mai aidin, mai ciki kuma ta je awo da wuri, ta sha magungunan ƙarin jini da aka ba ta.

7. A hana yara wasa ko wanka a kwatar kamfani. In rijiyarku na kusa da ita, ku haɗu da maƙwabta a kai ruwan a auna. Ki san mai kayan miyanki, ki tambaye shi daga ina ganyensa yake.

8. Ki ƙarfafa wa maigida guiwa ya nemi abin toshe kunne, takunkumi da safar hannu, ya kuma yi amfani da su ko abokan aiki na yi masa dariya. Auduga ba ta tare ƙarar inji.

9. In kin ga ƙugin kunne, mutuwar ƙafa, rawar hannu ko mantuwa ga babba, ko jinkirin magana da jijjiga ga yaro, a tafi asibiti, a yi addu'a a kuma nemi magani. Ki gaya wa likita irin aikin da maigida ke yi ko bai tambaya ba, ki tambaye shi batun gwajin dalma a jini. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin kunne da na ƙwaƙwalwa. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, wannan ba ya jiran gobe.

10. Ki adana duk takardun asibiti. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, kuma ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, har da raunin ji.

'Yar'uwa, rigakafi ya fi magani, balle a gaɓar da ba ta da sauyi. Bokiti ɗaya na daban da sabulu ɗaya ba su kai kuɗin ankon biki ba, amma suna iya tsare wa ɗanki basirar da zai yi karatu da ita. Ki karanta wa maigida wannan shafi bayan ya ci abinci ya huta, ki kuma ba maƙwabciyarki aro. Masu tambaya ƙofa a buɗe take, ku aiko da wasiƙunku kamar yadda aka saba. Allah ya ba mazajenmu halal mai albarka, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.